Duwatsu a Tayar Ciyaman

Shekara tara ina faci a tashar masu babur, ƙarƙashin rumfar kwano, kafin Dogo ya raba ni da wurin cikin yini ɗaya.

Ni na fara kawo duwatsun saiti tashar. 'Yan mitsi-mitsin duwatsun gilashi ne, ba su kai ƙwayar gero ba. Sai ka cire bawul, ka ɗura su cikin taya, ka buga iska. Da babur ya ɗau gudu sai su bazu, su koma gefen da nauyi ya gaza, kan babur ya daina rawa. Sharaɗinsu ɗaya ne, cikin tayar ya zama a bushe. In akwai koren gam ɗin nan da ake zubawa don toshe huji, dunƙulewa suke wuri guda, taya ta riƙa tsalle.

Wani da na yi wa saiti ya taka ƙusa, ya je wurin Dogo, mai facin ɗaya ƙofar, shi kuwa ya ɗirka masa gam a kan duwatsuna. Washegari mutumin ya sha ƙasa, ya karya hannu. Dogo ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa tsakuwa nake zuba musu a taya. Ciyaman na ƙungiyar masu babur bai ko tambaye ni ba, ya sa aka fitar min da injin iska zuwa tsallaken titi, bakin kwata.

Wata huɗu ina zaune a wurin, ni da ƙudaje. Kullum matata sai ta ce, "Baban yara, ka bar wa Allah." In ce mata na bari. Ƙarya nake, rumfata nake so, kuma ina son in ga Dogo yana kwashe kayansa.

Kai ka ji rashin kunya, sai ga Dogo ya fara sayar da duwatsun nan, wai nasa na waje ne. Wata safiya Ciyaman ya kawo masa babur. Na san tayar gaban nan, don sati biyu da suka wuce ina kallo Dogo ya cika ta da gam. Yanzu kuma ga shi ya ɗauko mazurari yana zuba duwatsu. Wani daɗi ya kama ni. Taku ashirin ne tsakaninmu, da na ɗaga murya za su ji. Na jawo wani tsohon tib na tsoma a baho, ina neman hujin da babu shi.

Kafin azahar Ciyaman ya dawo yana tura babur, wando a yage, gwiwar hannu na jini. Mutane suka taru. Na ɗauki liba, ƙarfen ɓalle taya, na tsallaka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in buɗe tayar nan a gaban kowa."

Na ɓalle ta, na zura hannu, na zaro wani koren curi kamar dunƙulen hannu. Na kama tafin Dogo na danƙa masa.

"Maigida, ga kayan wajen naka."

Dogo ya hau in-ina. Mai karyayyen hannun nan ya ci kwalarsa, tasha ta kaure da ihu. Wallahi ranar aurena ma ban ji daɗi haka ba.

Ciyaman ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya dube ni ya ce, "Kai mai faci, ya aka yi ka san abin da ke ciki tun ba a buɗe ba?"

Murna ta kwance min baki. "Ai a kan idona ya zuba."

"A kan idonka. Kuma ka bar ni na hau."

 Ya goge jinin da gefen rigarsa.

"Dogo da jahilci ya kayar da ni. Kai kuwa da saninka. Da mota ce a bayana fa?"

Nan take ya ce Dogo ya tattara ya bar tashar. Rumfata ya ba mai wankin babur. Ni kuma ya ce ko a tsallaken titi kada ya ƙara ganina, duk ɗan ƙungiyar da ya kawo min taya a bakin katinsa na ƙungiya.

Amalanke ɗaya muka samu a layin, ni da Dogo. Injinsa a gaba, nawa a baya, muka kama turawa.