Ƙarfen da Inna Take Ɗaure Rago

Shekarar da mai ya yi wuya har motocin haya suka daina shigowa ƙauyenmu, ita ce shekarar da ungozoma a Minjibir ta ce ɗan da ke cikin matata Fadima a gicciye yake. Ta ce in naƙuda ta tashi, kada mu tsaya ko'ina sai Kano. Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Abin da muke da shi mota Fijo ta marigayi Baba ce, shekara bakwai tana ajiye a rumfa. Mun mai da ita rumbu, duk kaka sai mu danƙara mata buhunan gero. Na sayar da awaki biyu, na ɓoye galan na mai, na kira Basiru makanike. Kwana uku ya yi kafin injin ya tashi. Sannan ya shiga ƙarƙashinta, ya daɗe, ya fito fuska ba walwala.

"Malam Dabo, abu biyu ne. Sifirin na baya, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin motar, sun zauna, geronku ya kashe su. Sai tarod na gaba, ƙarfen da ke juya taya in ka murɗa sitiyari. Abin da ke hannunka ɗaya zai saya."

"Sifirin," na ce. Ko makaho ya san bayan motar ya kusa taɓa ƙasa. A haka za a ɗora mai ciki, a hanyarmu mai ramuka?

Ya miƙo mini guntun igiya. "To me ya kai wannan jikin tarod?"

Kunya ta kama ni. Nan Inna take ɗaure ragon layya kowace shekara, wai akwai inuwa, kuma ƙarfen ya fi turke. Raguna bakwai sun yi ta fizgarsa. Amma na dake.

"Rago ne zai lalata ƙarfen Turawa? Sa sifirin kawai."

Ya je Kano ya dawo, ya yi aikinsa ina gona. Da na iso, motar na nan zaune kamar tsohuwa a bakin murhu. Bai taɓa sifirin ba, tarod ya canza. Raina ya ɓaci, na fara zazzaga masa masifa ke nan Inna ta fito a guje, ta ce faya ta fashe.

Basiru ya ja motar, ina gefensa, Inna da Fadima a baya. Duk ramin da muka faɗa sai ƙarfe ya doki ƙarfe, Fadima ta yi ƙara, ni kuma in harari Basiru. Wallahi na ɗauka a hanya Fadima za ta mutu. Mun hau kwalta ba da daɗewa ba wata babbar mota ta kauce wa rami, ta yo kanmu. Na yi salati na rufe ido. Basiru ya murɗe sitiyari da ƙarfin tsiya, motar ta bi hannunsa, muka faɗa gefen titi muka sake hawa.

A asibiti suka wuce da Fadima ɗakin tiyata. Ina zaune a baranda, Basiru ya ɗauko tsohon tarod ɗin ya ɗora mini a cinya.

"Ja kansa," ya ce.

Na ja da yatsu biyu. Kan ya zare, ya faɗi ƙasa, ya gangara har bakin kwata. Ina kallonsa Inna ta leƙo ta ce an ciro yarinya, uwar ma tana numfashi.