Jini a Gindin Gishiri

"Kada ki harba!" in ji tsoho Kajetan, alhali ƙahon namijin barewar na cikin cinyarsa.

Burgi ko ta so harbin ma babu hali. Bindigar a buɗe take rataye a hannunta, cikinta fayau, harsasai kuwa suna can ƙasan aljihu tare da wuƙa da guntun burodi. Dokar tsohon ke nan tun tana yarinya: duk mai hawa wurin gishiri, tun daga rafi zai zare harsashinsa.

Shinge ɗaya ya raba gidansu da nasa a ƙarshen ƙauyen, can gindin dutse. Shi ya koya mata riƙon bindiga bayan rasuwar mahaifinta, kuma har yau da furfura ta cika mata kai, yarinya yake ce mata, ita kuma Kawu. Kowace kaka sukan hau dajin da ƙungiyar maharbansu ke haya, da kantun gishiri irin na dabbobin dawa, wanda ake haɗawa da sinadaran ƙarfafa ƙaho da kawo nono. Kajetan ba ya ajiye shi a ƙasa kamar ragwayen maharba. Itace yake sarewa sama da tsayin mutum, ya fere ɓawon, ya kafa kantun a bisa, ruwan sama ya riƙa narkar da shi yana bin jikin kututturen, bareyi su lashi itacen a hankali. Kuma a nan ba a harbi. "Wanda ya zo lasar gishirinka baƙonka ne," haka yake cewa. "Wane ɗan iska ne ke yanka baƙo a bakin akushi?"

Wannan namijin kuwa ya wuce baƙo. Kajetan ya tsince shi a bakin titi yana jariri, mota ta kashe uwar, ya rene shi a kicin da nonon akuya, ya sa masa suna Basti. Ko da ya girma ya koma daji, in ya ji tarin tsohon sai ya fito ya lashi tafin hannunsa. Kowa ya gaya masa cewa namijin da ba ya tsoron mutum, ranar da barbara ta motsa masa abokin gaba zai ɗauke ka. Ya yi kunnen uwar shegu. Sabo turken wawa, kuma wawan nan ya haura saba'in.

A hanya ma sai da ta sake faɗa masa.

"Kawu, ɗanka tun jiya yake ruri. Mu bari sai wani mako."

"Mata yake kira. Ke da ba a taɓa yi wa ruri ba, ina za ki gane?"

"Gara ni. Kai wa ya taɓa amsa maka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin ne ya fito da Basti daga cikin itatuwa, wuya a kumbure, jiki duk taɓo, wari kamar na tsohon bunsuru. Kajetan ya sauke kantun, ya saki sandarsa, ya miƙa hannu. Basti ya sunkuyar da kai.

Karon farko ya ɗaga tsohon sama ya maka shi da kututturen. Na biyu ne ya shiga cinya. Yanzu dabbar na tura shi cikin laka tana murza kai, ƙafafunta na tona ƙasa, tsohon ya riƙe rassan ƙahon da hannu biyu yana kiran sunansa kamar mai lallashin yaro.

"Basti, kai! Ni ne, shashasha!"

Harsashi ɗaya ya suɓuce wa Burgi ya faɗa cikin ciyawa. Ta zaro wani, ta cusa, ta rufe bindigar. Ta ɗora a kafaɗa, ga haƙarƙarin Basti a fili, ko makaho ba zai kuskure ba. Amma ga farin kututturen tsaye a bayansa, ga muryar da ta yi shekara da shekaru tana bi tana cewa kada. Sai ta ɗaga bakin bindigar ta harba sama.

Da barewar kirki ce, da tuni ta tsallake dutse. Basti ya girma a gidan maharbi, ƙarar bindiga a wurinsa kamar rufe ƙofa ce. Ya ja da baya taku kaɗan, ya zare ƙahonsa, ya sake dawowa da dukan nauyinsa. Wannan karon a ƙarƙashin haƙarƙari ya samu tsohon. Burgi ta ji ƙashi ya ce ƙas, ta ji Kajetan ya yi wani sauti da ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi ba.

Ba ta san lokacin da ta sake ɗurawa ba. Ta matso har tana jin hucin Basti, ta harbe shi a wuya. Ya durƙusa, ya yunƙura, ta ƙara masa a bayan kunne. Jini ya fantsama a jikin kututturen, ya bi sawun da gishiri ya saba bi yana gangarowa.

Ta ja tsohon daga ƙarƙashin ƙahon. Ta cire ɗamararta ta ɗaure cinyar, ta tuɓe rigar sanyi ta danna a kan raunin cikinsa, nan da nan rigar ta jiƙe. Da hannu ɗaya ta kira masu ceto a waya. Suka ce jirgi mai saukar ungulu zai taso in hazon kwarin ya ɗaga, ta ci gaba da dannawa, kada ta bari ya yi barci.

Kajetan ya buɗe ido ya dubi gawar, ya dubi itacen.

"Kin harba a gishiri."

"Na harba. Kai ni ƙara."

"Shekara nawa ina koya miki..."

"Rufe mini baki, Kawu, jini kake zubarwa. Da tun farko na harbe shi, da yanzu kana tsaye kana zagina."

Nan kuka ya ƙwace mata, don ta san gaskiya ta faɗa, kuma ta san babu mai mayar da wannan harsashin da ta yi wa sama kyautarsa.

"Ba laifinsa ba ne," ya ce. Leɓunansa sun yi fari. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni na manta. Ba shi lomarsa."

Ta gane abin da yake nufi. Kowane maharbi a ƙasar nan, in ya kashe dabba, sai ya karyo ɗanyen reshe ya sa mata a baki, guzurinta na ƙarshe.

"In na ɗaga hannuna daga nan, ka tafi."

"In kin bar shi ma tafiya zan yi. Kin kashe shi a bakin akushi, yarinya, kada kuma ki sallame shi da yunwa. Tashi."

Ta zage shi, zagin da ba ta taɓa yi wa babba ba. Sannan ta ɗora hannayensa a kan rigar, ta ce ya danna, ta ruga bishiya mafi kusa. Reshen ɗanye ne, ya ƙi karyuwa sai da ta murɗa shi. Ta buɗe bakin Basti, harshen da ɗuminsa, ta cusa ganyen tsakanin haƙora.

"Ga shi nan, na ba shi. Ka gani?"

Kan tsohon na juye wajensu, ido a buɗe. Hannayen sun zame daga kan rigar. Ko ya gani, ko bai gani ba, ba ta sani ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mata rai. Jirgin ya iso bayan rana ta yi sama.

Ranar jana'iza maharba suka zo da korayen riguna, suka busa ƙaho, kowa ya cire reshe daga hularsa ya jefa cikin kabari. Wajen cin abinci ta ji wani yana raɗa cewa a gishiri ta yi harbin, wani kuma yana cewa ai jinkirinta ne ya kashe shi. Duk biyun gaskiya ne. Ta shanye abin da ke kofinta ta fita.

Sai da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka ta iya komawa can, ba bindiga. Daga bakin itatuwa ta hango wata barewa da ɗanta. Ba su kula kututturen ba. Sandar tsohon ce a yashe inda ta faɗi, wadda kowa ya manta da ita, uwar ta sunkuya tana lasar mariƙin da gumin hannunsa ya baƙanta, ɗan na tsaye yana jiran ta gama.