Motar da Tsofaffi Ke Miƙe Wa

Mamadu kafinta ya sayi tsohuwar motar ɗaukar gawa ta unguwarsu, Briqueterie. Masu yi masa surutu ya ce da su ai ƙarfe bai san mutuwa ba. Ya shafe ta da shuɗin fenti, ya kafa gado daidai inda ake ajiye makara, ya sa risho da labule, ya fara ba matafiya haya.

Wani malamin makaranta ne ya fara ɗauka, shi da matarsa. Ya dawo daga garin Kribi baki har kunne, ya ce da Mamadu:

"Patron, motarka akwai farin jini! Duk garin da muka ratsa, sai tsofaffi su miƙe tsaye har mu wuce."

Mamadu ya shiga tunani. Gawa ake miƙe wa haka, kuma wa ya san motar nan a Kribi? Sati bai zagayo ba aka binne matar malamin.

Washegari da hantsi ya ja motar zai kai wa masu yankan ƙarfe. Yana shiga layin teloli, kekunan ɗinki suka yi tsit. Dattawa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Ya waiga. Babu kowa a gadon. Shi kaɗai ne a motar.