Kifi Mai Tozo

Shekara talatin da biyu na yi ina raka shanu a bayan tirela daga Kasuwar Shanu zuwa Legas, kuma wallahi ban taɓa ganin teku ba. Mu sauke dabbobi a Agege, mu yi salla, mu ci abinci, mu juyo. Ruwan da na sani a garin nan na leda ne da na kwata.

To amma matata Aisa, tun tana amarya, in na dawo sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Limanti, ta kawo shayi, ta ce, "Ka ga teku? Me ke ciki?" Mutum ya kalli idanun nan ya ce bai gani ba? Ni dai na kasa.

Abin da na sani da shi na yi aiki. Na ce jikokin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa suna nan, kowanne da tozo, da manyan ƙahoni irin na shanunmu na Kuri. Na ce kunkurun ruwa yakan kwanta a bakin gaɓa yana tuƙa da la'asar. Na ce makiyaya a kwalekwale ke kora kifayen da sanda, kowane kifi da sunansa. Ita kuwa ta riƙe haɓa tana cewa, "Ikon Allah!"

Bana yanar ido ta rufe mata gani. 'Yarmu Rahmat, mai aikin jinya a Legas, ta bugo waya ta ce mu taho a yi mata aiki. Aisa ta lalubo hannuna ta ce, "Baban Rahmat, ranar da aka buɗe min ido, kai za ka kai ni in fara ganin kifi mai tozo."

Kai! Ba kunyar kaɗai nake tsoro ba. Matar nan ba ta taɓa shakkar maganata ba, ko da na ce za a yi ruwa a watan Maris. Wannan yardar ce ba na so in rasa.

Na ruga wajen maƙwabcinmu Malam Elnathan, tsohon malamin makaranta, na ce ya nuna min babban kifin teku a wayarsa. Sai ga wata halitta sumul, ta fi tirelarmu tsawo, ba tozo ba ƙaho, tana fesa numfashi ta tsakar ka. Ya ce a ruwa take haihuwa, har nono take ba ɗanta.

Na ce, "Kamar saniya? To ai ban yi nisa ba!"

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ajimi, je ka gaya mata gaskiya."

Da safen ranar tafiya na same ta tana lalube tana ɗura wa Rahmat turaren wuta a kwalba. Na tsuguna a gabanta, gwiwa tana ƙara. Na ce, "Aisa, ban taɓa ganin teku ba. Ko sau ɗaya. Duk ƙarya na shirga miki."

Ta rufe kwalbar a hankali. Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun Rahmat tana aji uku ta kawo littafi mai hotuna. Kifi da ƙaho, tsoho? Ni ba 'yar masunta ba ce, amma na ci banda."

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce shekara ashirin ke nan ana barina ina zuba kamar famfo, don me?

Ta ce, "Kwana uku kake yi a tsaye tsakanin ƙahoni. Ka shigo ƙafa a kumbure, ko sallama da ƙyar. Da ka fara labarin teku sai gajiyar ta bar muryarka. Ni abin da nake saurare ke nan."

Ni da nake kayar da bijimi, hawaye ya zo min.

Ta miƙo min kwalbar, ta ce in sa a jaka. "Kai ma ba ka gani ba, ni ma ban gani ba. Mu je mu tsaya tare. Amma in Rahmat ta kawo jikokinmu hira, ka bar wa kifin tozonsa."