Hoton da Ya Tsaya a Goshi

Mijina Orest ya rasu a ƙarshen girbin alkama. Ban yi wani kuka ba. Maƙwabta suka cika min firji da abinci, na riƙa ci a tsaye ina kallon taga, ban san ɗanɗanon ko ɗaya ba. Shanun ma na sayar wa maƙwabcinmu Peleshok, ko leƙowa ban yi ba da motar ta zo kwasarsu.

Abu ɗaya ne ya dame ni, kuma ban gaya wa kowa ba: fuskarsa ta ɓace min. In na rufe ido ta asibiti ce ke zuwa, ramammiya, da roba a hanci. Mutumin kuwa ya ƙi jinin kyamara. Duk hotunan gidan nan, ko ya ja hula ya rufe ido, ko ya ba da ƙeya yana duba tayar mota. Shekaru talatin da wani abu tare, amma na rasa yadda bakinsa yake in yana dariya.

Ana gab da addu'ar arba'in 'yarmu Halia ta bugo daga birnin Calgary. Ta ce ta ga wani hoto a wurin wata 'yar uwa, na bikin bara, an kama babanta bai sani ba. Mai shi ta ƙi bayarwa, sai Halia ta kwafe shi a kwamfuta ta turo min ta imel.

Kwamfutar ita ta saya mana, wai don mu shiga zamani. Na kunna, modem ɗin da ke haɗa ta da intanet ta wayar tarho ya yi kukansa irin na kazar da aka taka, ya haɗu. Hoton ya fara sauka daga sama, layi-layi. Rufin zaure ya fito, sai farin gashi, sai goshi da alamar hula a jiki. Nan ya tsaya cak. Na zauna har shayina ya huce, layin ya katse. Na sake, haka. Washegari ma haka. Goshin nan na haddace shi kamar tafin hannuna.

Na kira kamfanin intanet na cikin gari. Wata yarinya ta ɗauka, ta ce sunanta Charmaine, da murya irin ta wadda ba ta taɓa rasa kowa ba. Ta ce in kashe in kunna. Na ce 'yar nan, ba jiya aka haife ni ba, na yi. Ta ce in cire tarhon kicin da na ɗakin kwana daga bango, in canza igiyar, in duba ko ɓera ya ci ta. Na bi duk ɗaya bayan ɗaya, har rarrafe na yi a ƙarƙashin tebur da gwiwoyin nan nawa. Ban ji haushi ba, ni da a da ko mai karanta mita ba ya tsira daga bakina. Na sake kiranta na karanto mata lambar gudun da ke ƙasan allo. Ta ce ko rabin abin da ya kamata bai kai ba.

Muna cikin magana ta dakata. Ta ce tana jin wani abu a layin, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango.

"Misis Hrycan, kuna da shingen lantarki?"

Na ce muna da shi, shi ke hana shanu fita.

Ta ce ita ma 'yar gona ce, haka ya taɓa yi musu. Duk bugun da na'urar shingen ta yi yana shiga wayar tarho, modem ya rikice ya koma farko. Gaskiyarta kuwa. Orest ya ja wayar shingen kafaɗa da kafaɗa da ta tarho har bakin titi, ya kafa ƙarfen da ke sauke wuta cikin ƙasa dab da na kamfanin tarho, wai nan ne ƙasa ke da danshi.

Na san ƙarar mana, sai dai ban taɓa ɗaukarta a matsayin matsala ba. Da ita Orest ke duba shinge. Kowace safiya, maimakon ya fita cikin ƙanƙara, sai ya ɗaga tarho ya kara a kunne, in ya ji bugun ya ajiye ya sha kofinsa. Na sha ce masa malalaci, yana cewa dabara ce. Da aka kwantar da shi a asibitin Saskatoon, in ya bugo gida ko gaisuwa ba ya bari in gama. Sai ya ce in yi shiru ya ji. Ya saurara, ya ce to, yana aiki, sannan ya tambayi lafiyata. Kiran ƙarshe ma haka aka yi, kuma bayan "yana aiki" ɗin ba shi da sauran numfashin tambayar komai.

Charmaine ta ce in cire filogin na'urar shingen na ɗan lokaci kawai, shanu ba za su gane ba.

"Babu shanu," na ce mata.

"To me shingen yake tsarewa?"

Na yi mata godiya na ajiye.

Na sa rigar sanyin Orest na tafi rumfar kayan aiki. Na'urar tana nan a bango, jar fitilarta tana ƙiftawa. Filogin ya naɗe shi da baƙin tef, ya ɗaure da igiyar ciyawa don kada wani ya ture, ƙullin nan nasa da ba wanda ya iya kwancewa. Sai da na nemo wuƙa. Na yanke, na ja, fitilar ta mutu. Na tsaya ina jiran in ji wani abu a raina, ban ji ba.

Na dawo na haɗa intanet. Hoton ya wuce goshi kamar ba a taɓa tsayawa a nan ba. Ga gira, ga ido a kanne, ga hancin da saniya ta taɓa karyawa, ga baki a buɗe da giɓin haƙorin gefe. Gefe yake kallo yana dariya, kuma a bakin hoton akwai hannun wata koriyar riga. Tawa ce. Ban tuna abin da na faɗa masa ba ranar.

Na daɗe ina kallo. Shi ne, ba shakka, na samu abin da nake nema. Na kashe intanet na buga wa Halia.

Ta ce yau layina tas, kamar ina zaune kusa da ita. Ta tambaya ko ya sauka, na ce ya sauka. Ta shiga ba ni labarin bikin, da wanda ya ɗauki hoton, da abin da za a dafa ranar addu'a.

"Halia," na ce, "yi shiru in ji."

Muka yi shiru mu biyu. Babu abin da ke bugawa a layin.