Wandon Marigayi Sakiusa

Tun ranar Litinin Vasemaca take fama da layi ɗaya a takardar da Malam Whitlock ya raba wa 'yan aji. Layin cewa ya yi: "Nau'in fim ɗinka." A ƙasansa gurabe shida ne: na ban dariya, na ban tausayi, na ban tsoro, na soyayya, na faɗa, sai na gaskiya wanda babu kwaikwayo a cikinsa. Mutum zai zaɓi ɗaya, ya kawo hujja daga littattafai uku da shafukan intanet uku kafin sha biyun ranar Juma'a. Wanda ya yi haka za a haska fim ɗinsa a babban zauren kwalejinsu da ke birnin Suva ranar bikin ƙarshen shekara. Wanda ya rasa gurbi kuwa sai ya kalli abinsa a waya.

Fim ɗinta minti ashirin ne, a kan makokin kakanta Sakiusa a ƙauyensu da ke tsibirin Kadavu. Kakarta, Bubu Akanisi, ba ta yarda a ɗauka ba sai da Vasemaca ta yi mata alkawarin za a nuna shi a babban allo. Tsohuwar kuwa ba ta san alkawarin wasa ba. Tuni ta hawo jirgin ruwa da baƙaƙen kayan takabarta, ta sauka gidan ɗanta a garin Nausori tana ƙirga kwana.

Minti shida ne a tsakiyar fim ɗin suka jawo rigimar. Rana ta goma bayan an binne shi, da hantsi, mata na zaune jugum a kan tabarmi, sai ga Ulamila, taubashiyar marigayin, 'yar shekara saba'in da huɗu, ta shigo sanye da wandonsa na gona da tsohuwar hularsa. Tana ɗingishi irin nasa, tana masifa irin tasa kan wa ya taɓa masa adda, tana leƙa tukwane wai ba a ajiye masa kan kifi ba. Daga ƙarshe ta zame a taɓon bakin ƙofa, ƙafa sama. Gida ya kaure da dariya, har Bubu. Ai dama aikin taubasai ke nan a gidan mutuwa, kowa ya sani.

Kowa ban da Malam Whitlock, mutumin Ostireliya, mai kirki amma mai son komai ya zauna a layinsa. Da aka nuna fim ɗin a aji, yaran birni suka fara dariya, suka tuna gidan mutuwa ne, suka haɗiye.

Ya ce, "Vasemaca, aikinki ya yi kyau. Amma ni kaina ban san ko kuka zan yi ko dariya ba. Je ki ɗakin karatu ki gano me kika haɗa."

Malama Urmila Naidu, mai kula da ɗakin karatun, ta shekara ashirin da biyu tana ganin ɗalibai cikin irin wannan hali, ba ta ko ɗaga gira ba. Ta jibge mata littattafai bakwai a tebur.

"Fara da mai jan bangon nan, 'yata. Shi ne mai ɗan dama-dama, sauran marubutan da junansu suke faɗa."

Mai jan bango ya ce fim ɗin ban tausayi da mutuwa yake ƙarewa, na ban dariya kuma da aure. Vasemaca ta yi tagumi. Nata da mutuwa ya fara, ya ƙare da mutane suna cin gwaza da kifi a madarar kwakwa. Littafi na biyu ya ce duk fim ɗin da aka ɗauki mutane na ainihi suna harkarsu, na gaskiya ne. Har ta ji sanyi a ranta ta ɗauko biro, sai shafi na gaba ya ce da zarar wani ya sa kayan wani yana kwaikwayonsa, an fita daga gaskiya. Ulamila kuwa ba kwaikwayo kaɗai ta yi ba, da ta hango kyamara ƙara gishiri ta yi. Littafi na uku shafi ɗari huɗu ne, kuma abin da ya tsaya a kai shi ne babu wani abu wai shi nau'in fim.

Ranar Laraba ta koma kan kwamfutocin da ke jikin taga. Nan ne kanta ya ƙarasa kullewa. Wani shafi ya ce nau'in fim goma sha biyu ne, wani ya ce arba'in, wani ya jero sama da ɗari biyu, kowanne da 'ya'ya da jikoki. Ta tarar da wani nau'i na barkwancin da ake yi wa mutuwa ba'a, ta karanta har ƙarshe, ranta ya ɓaci. Ulamila ba ba'a take yi wa kowa ba. Can ta faɗa kan wani shafi da ya ce ka amsa tambaya goma ya gaya maka nau'in fim ɗinka. Akwai gawa? Akwai. Akwai tsohon gida a wurin da ba mutane da yawa? Akwai. Mamaci yana dawowa ya yi magana da masu rai? Ta daɗe tana kallon tambayar, sannan ta danna e. Shafin ya taya ta murna, ya ce ta haɗa fim ɗin ban tsoro.

Malama Urmila ta leƙo ta kafaɗarta. "To, me na'urar ta ce?"

"Wai kakana fatalwa ne."

"Ni ma ta taɓa ce min bikin ƙanwata fim ɗin faɗa ne. Can kam ba ta yi ƙarya ba."

Vasemaca ba ta yi dariya ba, don tsoro ya fara kama ta. Saura kwana biyu, takardarta babu ko layi ɗaya, ga Bubu a Nausori har ta sa an goge mata rigar zuwa zaure. Sai dabara ta zo mata, irin dabarar wanda ya gaji. Tunda minti shidan nan ne suka hana fim ɗin shiga gurbi, a cire su mana. Ta cire. Nan take komai ya zauna daram: kuka, waƙoƙin coci, tabarmin da dangi suka kawo, kabari. Fim ɗin gaskiya tsantsa, littattafai uku da shafuka uku duk sun yarda. Ta rasa dalilin da ya sa ba ta ji daɗi ba.

Ranar Alhamis da la'asar ta hau bas zuwa Nausori, ta tarar da Bubu a baranda tana ɓare rogo. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta buɗe kwamfuta.

"Bubu, ga shi na gyara. Ki gani kafin mutane su gani."

Tsohuwar ta goge hannu a zani, ta kalla tiryan-tiryan. Da ya ƙare ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da ɓare rogo.

"Allah ya ji ƙan bawan Allahn nan. Wane ne?"

"Bubu, kaka ne mana."

"A'a. Wannan wani baƙo ne da ruwa ya kawo gaɓa. Mutumin da aka kwana goma ana masa kuka, ba a samu taubashi ko ɗaya da ya zo ya sa gidansa dariya ba, ai ba shi da kowa. Wannan za ki nuna wa mutanen Suva? Su ce Sakiusa ya mutu ba dangi?"

"Ba haka ba ne, Bubu. Takarda ce ta ce sai na zaɓi gurbi ɗaya, littattafan kuma sun ce..."

"Littattafan sun san shi?"

Vasemaca ta kashe kwamfutar. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, don ta san gaskiya tsohuwar ta faɗa.

"Karanto min guraben naku in ji, 'yar boko."

Ta karanto su ɗaya bayan ɗaya. Bubu tana jin na huɗu ta ɗaga wuƙa.

"Tsaya nan. Shi ne."

"Na soyayya? Bubu, wannan fa na saurayi da budurwa ne, su haɗu, a hana su, su yi aure."

"Ke dai karatun nan ya cinye miki kai. Kwana tara ban sa komai a bakina ba, kina wurin, da kyamararki. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta sa wandon mamaci, ta faɗa taɓo a gaban surukanta, don kawai in yi dariya in ci abinci. Kuma na ci. In ba soyayya ba ce wannan, gaya min sunanta."

Da safiyar Juma'a, ana buɗe ɗakin karatu Vasemaca ta shiga, ta ce a ba ta duk abin da aka rubuta kan finafinan soyayya. Malama Urmila ta dube ta ta saman tabarau.

"Jiya fatalwa, yau soyayya. Gobe kuma faɗa?"

Amma ta kawo, har ta ja kujera ta taya ta nema. Duk littattafan maganar samari suke yi. Sai dai a kowanne, in mutum ya yi haƙuri, zai tarar da wuri ɗaya da aka ce alamar nau'in ita ce wani ya zubar da girmansa saboda wani. Wannan ta kwafa sau shida, uku daga littattafai da lambar shafi, uku daga intanet. Ta mayar da minti shidan inda suke, ta miƙa takarda sha biyu saura kwata.

Malam Whitlock ya karanta a tsaye, ya sosa ƙeya, ya sake karantawa.

"Gaskiya har yanzu ban gane ba. Amma hujjojinki shida ne cif, ba ni da ta cewa."

Ranar biki zaure ya cika. Aka haska nata bayan wani fim na saurayi da budurwa a bakin teku, mutane suna ta duba takardar shiri ko kuskure aka yi. Da Ulamila ta bayyana a allo cikin wandon gona, wurin ya yi tsit. Ana jin masu danne dariya suna tari. Vasemaca ta sunkuyar da kai.

Daga layin gaba wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta ƙyalƙyale da dariya, tana dukan cinya.

"Haka yake tafiya, wallahi haka yake tafiya," in ji ta, ba ta damu da wa ke ji ba.

Zauren ya biyo ta gaba ɗaya, har Malam Whitlock. Vasemaca ta ji fuskarta ta jiƙe, ta rasa ko kuka take yi ko dariya. Bubu ta juyo ta miƙo mata gefen mayafinta, sannan ta mayar da ido kan mijinta a allo.