Ganyen da Ake Dubawa da Leɓe

"Baba, minti ashirin," in ji direban katafila, ya kashe injin. "Wallahi albarkacin furfurarka ne. In injiniya ya zo ya tarar da ni a tsaye, ni zan sha zagi."

Malam Ƙamus bai ɗago ba. Yana durƙushe a filin da ke bayan makarantar da ya koyar shekara talatin da ɗaya, littafi a hagu, gilashin ƙara girma a dama. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya barin kuskure ya wuce ko a zaman makoki. Yau za a share filin a gina shaguna, da yake garin na fama da ƙarancin wurin sayar da cajar waya.

Wata 'yar ciyawa ce mai shuɗin fure ta kawo shi, tsayinta bai wuce idon sawu ba. Marigayiya matarsa takan tsinko ta duk damina, ta sa a kofi a kan teburinsa. Ita ta ce iri biyu ce, Yaya da Ƙanwa. Ƙanwa ta cika filin, amma ruwa na ɗaukewa take mutuwa. Yaya kuwa saiwarta na kwana a ƙasa ta sake tohowa baɗi, sai dai cikin ɗari da ƙyar a samu biyu. Shi kuma ya kafe cewa duk ɗaya ne. Shekara ashirin suna wannan gardama, har ya sayo littafin tsirrai don ya kashe bakinta. Littafin ya goyi bayanta. Bai taɓa gaya mata ba.

Yanzu Yaya yake nema ya dasa a gida. In ya ɗauki Ƙanwa, watan gobe bokiti ne kawai zai rage masa, filin kuma ya zama siminti.

Autarsa, wadda ta taso daga aikin asibiti ko farar rigarta ba ta cire ba, tana tsaye riƙe da bokitin da 'yar fartanya.

"Me littafin ya ce, Baba?"

"Ya ce mai daɗewar tana da gashi a bayan ganye, siriri, ba a ganinsa sai da gilashi." Ya kai ganye kusa da hancinsa, ya janye, ya sake kaiwa. "Bai ce komai ba game da wanda gilashin ma ya daina yi masa amfani. Marubutan nan duk suna zaton mai karatu ba ya tsufa."

Ta karɓa ta duba. Ganye biyar, shida, duk kore, duk sumul.

"Ni dai ban ga gashi ba."

"Ke da ko jijiya sai kin soki mutum sau uku."

"Sau ɗaya ne, kuma kai ka motsa."

Direban ya sauko, yana goge hannu da tsumma. "Baba, magani ce? In ta basir ce, ni ma a tona min."

"Ba ta maganin komai."

"To ana ci?"

"Ba a ci. Ko ƙanshi ba ta da shi." Malam ya juya ga 'yarsa. "Na sha gaya wa uwarki. Kullum sai ta tsinki ganye ta kai hanci tana shinshinawa, kamar mai sayen turare."

Auta ta ajiye bokitin a hankali.

"Ba hanci take kaiwa ba, Baba."

"A gabana take yi."

"A gabanka, kana karatu. Leɓe take kaiwa. Ta goga bayan ganyen a leɓenta na ƙasa, kamar yadda take duba mana zazzaɓi a goshi. Da ina ƙarama na ɗauka sumbatar ciyawar take."

Malam ya dubi littafin, ya dubi wasu leburori da ke zaune a inuwar katanga sun zuba masa ido. Sannan ya rufe littafin ya miƙa mata, ya tsinki ganye ya goga a leɓensa. Santsi. Ya matsa gaba da gwiwa, ya tsinki wani. Santsi.

"Lallai tsohon nan ya yi kewar wani abu," in ji ɗaya daga leburorin. Suka kwashe da dariya.

Auta ta tattare rigarta ta durƙusa ta kama daga ɗaya gefen. Direban ya duba agogo, ya yi tsaki, ya waiga hanya, shi ma ya tsuguna. "In matata ta ji labarin nan, ku za ku yi mata bayani."

A gindin wani dutse, kusa da ƙafar katafilar, Malam ya tsaya cak. Ya sake gogawa, idonsa a rufe. Wani ɗan kaushi ne mai laushi, kamar kan jariri sabon aski.

"Kawo fartanya," ya ce. "A yi nisa da ita, kar a taɓa saiwar."

Direban ne ya tona, da hannun da ya saba ture gini, ya ɗago ta da ƙasarta kamar mai ɗaukar ƙwai.

A hanyar gida Malam ya hana Auta riƙe bokitin. Sun wuce kanti biyu kafin ya yi magana.

"Ta rasu ba ta san littafin ya ba ta gaskiya ba."

"Ai ta sani. Kai ka naɗe gefen shafin. Ta sa na karanta mata tun ina aji shida."

Ya tsaya a tsakiyar hanya, har mai babur ya yi masa hon.

"Ba ta ce komai ba?"

"Ta ce a bar ka. Wai in gardamar ta ƙare, da me za ka riƙa zuwa mata hira a kicin?"

Malam ya gyara riƙon bokitin, ya ci gaba da tafiya. Can ya sunkuyar da kai ga ɗan shuɗin furen da ke rawa a ƙirjinsa.

"Furen dai iri ɗaya ne," ya ce, kamar da marigayiyar yake magana. "Wannan ba ki isa ki musa ba."